Usur a Cibiyar Butar Gahawa

A hawa na biyu na wani gidan bene mai kallon layin masu ɗinki, akwai wata baiwar Allah da kowa ke kira Malama, ko da yake ta ajiye alli shekara shida da suka wuce. Shekara ashirin da biyu ta yi tana shugabancin makarantar firamaren unguwar, har ya zama kusan duk wani mai gemu a layin ya taɓa tsayawa gabanta hannu a baya. Abu biyu aka san ta da su: ba a taɓa jin muryarta ta ƙetare ƙofar gidanta ba, kuma ba a taɓa shan gahawa irin tata ba.

Gahawar nan a wata 'yar buta take dafa ta, wadda babbar 'yarta ta aiko mata. Butar hawa biyu ce. A zuba ruwa a ƙasa, a sa garin gahawa a cikin ɗan mazurari a tsakiya, a murza na saman ya ɗauru tam, a ɗora a wuta. In ta ɗau zafi sai tururi ya tura ruwan ya ratsa garin ya hau sama. A gefen ƙasan kuma akwai wani ɗan ƙarfe da ya turo kamar cibiya, wanda Malama ba ta taɓa ganin ya yi komai ba.

Mijinta kuwa Injiniya ake ce masa. Gaskiyar maganar, wadda Malama ba ta taɓa faɗa wa kowa ba amma kowa ya sani, ita ce shekara talatin ya yi yana riƙe makullan sito a ofishin injiniyoyi. Ya miƙa musu sifana da safe, su mayar masa da yamma. Sai dai a ganinsa wanda ya daɗe haka kusa da sifana babu abin da ya rage masa sai takarda.

Ran Litinin da safe Malama ta sauke butar daga murhu, yatsanta ya gogi jikin ƙarfen, ta ce, "Kash." Iyakar abin da ta ce ke nan. Amma Injiniya yana bakin ƙofar kicin, kuma kunnen nan nasa da ba ya jin an ce gas ya ƙare, nan da nan ya tsinci kalmar.

Ya ce, "Na daɗe ina nazarin butar nan. Wanda ya ƙera ta bai gama makaranta ba. Dubi mariƙinta, kamar kunnen ɓera. Ta yaya mutum zai riƙe wannan bai ƙone ba?"

"Maigida, wutar ce na ƙara da yawa. In na rage ta, na sa tsumma, shi ke nan."

"Tsumma? A gidan injiniya? Ki ba ni kwana huɗu. Zan fito da butar da yaron goye zai iya ɗauka ido rufe. Masu kamfanin da kansu za su hawo benen nan suna haki, suna roƙon in nuna musu."

Malama ta tuna cewa ranar Asabar ƙungiyar tsofaffin malamai mata za ta yi taro a falonta don zaɓen sabuwar shugaba. Su biyu ke nema, ita da wata da ake kira Malamar Kimiyya, mace mai kaifin ido da kaifin harshe. Shekara shida Malama tana jiran kujerar nan, kuma abin da take tinƙaho da shi duka shi ne gida mai tsari.

Ta ce, "Ka bari sai Lahadi, don girman Allah."

"Lahadi? Ai Asabar ɗin ita ce ranar! Mata goma sha biyu masu ilimi, kowacce da kicin ɗinta. Ina zan sake samun irin wannan taron?"

Ran Talata ya ɗauki butar da baƙar laimar Malama ya nufi rumfar Mai Walda da ke ƙarshen layi. Ya zare mariƙin laimar, mai lanƙwasa kamar sandar tsoho, ya ce a haɗa masa shi a jikin butar.

Mai Walda ya juya butar a hannu ya ce, "Baba Injiniya, ruwa ne ke dukan gahawar?"

"Kai dai yi abin da aka sa ka. Lissafin ya fi ƙarfinka."

"To, ni dai irin wannan ƙarfen ba ya karɓar waldata. Sai dai in huda wajen tsohon mariƙin in ɗaure da noti. Amma Malama ta sani?"

"Malama ta san wanda ta aura."

"Wannan kam mun shaida," in ji Mai Walda, ya jawo injin huji.

Da yamma aka yi gwajin farko. Sabon mariƙin ya kai kamu guda, ya fi butar nauyi, don haka ana ɗora ta a murhu sai ta kwanta ta baya kamar wadda barci ya kwashe. Injiniya ya tashe ta, ta sake kwanciya. Ya tashe ta, ya nuna ta da yatsa, ta kwanta.

"Alama ce mai kyau," in ji shi. "Ta nuna mini inda nauyin yake."

Washegari ya koma wa Mai Walda da laima ta biyu, wadda surukarsu ta manta a gidan. Aka ɗaura wani mariƙin a ɗaya gefen don su daidaita. Butar ta dawo gida tana tsaye daram, hannu biyu a lanƙwashe, sak mace ta riƙe ƙugu tana jiran wanda zai tanka mata. Matar Tela, wadda shagon mijinta ke ƙarƙashin benen, ta hango shi yana hawa da ita ta ce, "Baba, wa ya ɓata wa wannan rai?"

"Ke dai ki tanadi kuɗin sayen taki butar."

"Ni da nake da suruka a gida, me zan yi da ta biyu?"

A wannan karon butar ba ta faɗi ba. Sai dai da Injiniya ya juya zai kira Malama ta zo ta gani, lanƙwasar mariƙin ta saƙale hannun rigarsa, butar ta sauko daga murhu ta biyo shi. Ya yi gabas ta yi gabas, ya yi yamma ta yi yamma, yana kaɗa hannu yana salati, har suka fito falo tare. Malama tana zaune tana goge kofunan baƙi, ta ɗaga ido ta dube su su biyu, ta ce, "Ashe har ta fara tafiya."

"Saura magana," in ji Injiniya yana haki.

Ya lura kuma notocin da aka ɗaura suna ɗaukar zafi fiye da tsohon mariƙin, don haka ya yanke kan safarsa ta ulu ya sanya wa kowane hannu ɗaya. Ba a yi minti uku ba harshen wuta ya lashi ta hagu. Hayaƙi mai warin tsohuwar ƙafa ya cika kicin ya fita ta taga. Tela, wanda Malama ta koyar tun yana aji biyu, ya hawo benen da bokitin ruwa yana ihu, "Gobara! Gobara a gidan Malama!"

Malama ta tare shi a bakin ƙofa, ɗankwalinta a ɗaure tsaf, ta ce cikin natsuwa, "Babu gobara a gidan nan. Gwaji ake yi. Ka sauka a hankali, kada ka jiƙa mini matakala."

"To, Malama." Ya juya, sannan ya waiwayo. "Zan dai ajiye bokitin kusa."

Ran Alhamis idon Injiniya ya sauka kan cibiyar nan ta gefen buta. Ya sa farce ya danna ta, ya busa, ya ji iska na wucewa. Nan take fuskarsa ta yi haske.

"Malama! Kin ga ragwancin masu kamfani? Sun yi ƙofar tururi, suka bar ta ba murya. In aka sa mata usur, da gahawa ta nuna buta za ta kira ki da kanta. Ba ƙuna, ba jira, ba leƙe."

Usur ɗaya ne a gidan, kuma yana rataye a ƙusa ƙarƙashin takardar yabon da aka ba Malama ranar da ta yi ritaya. Da shi ta yi shekara ashirin da biyu tana tara ɗalibai da malamai a layi kowace safiya. Kafin ta buɗe baki ya sauke shi, ya karya eriyar rediyo ya sami ɗan bututu, ya haɗa cibiya da usur, ya naɗe da waya. Ya ɗora butar, ya ja kujera ya zauna yana murmushi.

Ruwa ya tafasa, gahawa ta hau sama lafiya lau, ƙamshi ya cika gida. Usur bai ce uffan ba.

Malama ta zuba ta kurɓa ta ce, "Alhamdu lillahi, ta yi daɗi. A bar ta haka."

"Ni gahawa na tambaye ki? Usur bai yi kuka ba!"

Ya sake gwadawa sau huɗu, sau huɗu gahawa tana fitowa yadda ake so, shi kuwa ransa na ƙara ɓaci. Bai taɓa ganin abu ya ci amanarsa ta hanyar yin aiki daidai ba sai ranar.

Ran Juma'a Malama ta fita karɓo labulen falo daga wanki. Da ta dawo ta tarar da Tela da Mai Walda tsaye a gindin bene, ƙafa a haɗe, hannu a baya, suna kallon juna cikin kunya.

Tela ya ce, "Malama, usur ɗinki muka ji. Wallahi ban san lokacin da na jefar da almakashi ba."

A sama ta sami Injiniya yana rawa shi kaɗai a kicin. "Na gano ta! Raguwa ce, sai an matsa mata. Na niƙe garin ya yi laushi kamar hoda, na danna shi da gindin cokali har ya zama dutse, na ƙure wuta. Sai ga usur, fiit! Na kashe wutar don in adana sauran saboda gobe."

"Gahawar fa, ta hau?"

"Wannan ƙaramar magana ce."

Malama ta yanke shawara a ranta cewa gobe shayi za a sha. Ta ɗauke butar ta tura ƙarƙashin gado, bayan akwatuna. Abin da ta manta shi ne buta mai hannu biyu na laima ba ta ɓoyuwa. Ɗaya ya leƙo waje sanye da rabin safa.

Ran Asabar da la'asar mata goma sha biyu suka cika falon, kowacce cikin fararen kayan ƙungiya, an goge su har suna ɗaukar ido. A babbar kujera aka zaunar da Uwar Ƙungiya, shugabar da za ta sauka, tsohuwa mai shekara tamanin wadda kunnenta ya yi nauyi. Sakatariya ta buɗe littafin taro a cinya. Malamar Kimiyya ta shafa hannun kujera da yatsa, ta duba yatsan, ba ta sami ƙura ba, ta ɗan tsuke baki. Malama ta ga haka, zuciyarta ta yi fari. Ta shigo da shayi.

Uwar Ƙungiya ta leƙa kofin ta ce da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin kansa, "Shayi? 'Yar nan, ni gahawarki ta hawo da ni benen nan. Gwiwoyina ba don shayi suka sha wahala ba."

"Tana tafe, Mama!" in ji wata murya daga ƙofar ɗaki.

Injiniya ne, sanye da kwat ɗin da ya yi ritaya da shi, yana turo teburin guga. A kai akwai ƙaramin murhun gas na tafiya, da wani abu lulluɓe da zanen gado. Malama ta dube shi da irin kallon da ya sha tsayar da yara ɗari huɗu cak. Shi kaɗai ne a duniya kallon bai taɓa kamawa ba. Ga shi kuma ba ta da halin ja-in-ja da mijinta gaban baƙi, a ranar da ake auna tsarin gidanta. Sai ta yi murmushi, ta ce, "Maigida yana da ɗan abin da zai nuna."

Ya yaye zanen. 

Malamar Kimiyya ta gyara tabarau ta ce, "Yaya, wannan buta ce, ko wata ce daga cikin danginku?"

"Wannan, malamai, ita ce buta mafi aminci da aka taɓa ƙerawa," in ji Injiniya. "Hannu biyu, don in ɗaya ya ƙone ka koma ɗaya. Safa, don taushi. Sannan ga abin da ya gagari masu kamfani." Ya kunna wuta ya ƙure ta.

"Tsaya," in ji Malamar Kimiyya, ta miƙe zaune. "Me ka ɗaura a kan wannan ƙofar? Ka san ba ta buɗewa sai ruwa ya rasa hanyar hawa? Don ranar haɗari aka yi ta. In ta yi kuka, ai buta ce ke neman fashewa."

Injiniya ya yi dariyar manya. "Haka littafi ya ce, Malama. Mu kuwa a aikace muka san abin. Kwana biyu na yi kafin in shawo kanta ta yi kukan."

"Shawo kanta? Innalillahi. Yaya, kashe wutar nan!"

Malama ta yunƙura, amma usur ya riga ta. Ba fiit ɗin jiya ba ne. Wata doguwar ƙara ce mai tsaga kunne, wadda ba ta da niyyar tsayawa. Kuma usur ɗin taron safe ne, wanda yawancin matan nan suka yi shekaru suna jin sa da ƙarfe bakwai da rabi. Kafin hankali ya iso, ƙafafu sun riga sun amsa. Mata goma sha biyun nan suka miƙe zumbur suka jeru a layi, gajeru a gaba, dogaye a baya, daidai saitin teburin guga. Har Uwar Ƙungiya, da gwiwoyinta, ta tsaya a kan layi tana cewa, "Kai, yau na ji abu rangaɗau! Wa ya makara?"

"Kun gani?" in ji Injiniya yana ihu don a ji shi. "Tana kira, ana amsawa! Bari in nuna muku gahawar."

Ya ɗaga murfin. A daidai lokacin dutsen garin nan da ya danna ya sallama. Gahawa ta yi tsiri sama kamar an fasa famfo, ta daki fankar silin da ke juyawa, fanka kuwa ta raba ta bisa adalci. Ta bi layin daga gajeru zuwa dogaye, ta zagaya wankakken labule, ta sa hannu a littafin Sakatariya, ta dawo ta sake bin layin don kada a ce an yi son kai. Allah ya taimaka kafin ta sauko iska ta sha zafinta, sai dai fararen kaya suka koma fatar damisa. Injiniya ya ja da baya, mariƙin laima ya saƙale aljihun kwat ɗinsa, butar ta sake biyo shi, tana kukanta.

Malama ta taka a hankali, ta kashe gas.

A nan ne ƙofa ta buɗe da ƙarfi. Tela ne da bokitinsa, bayansa Mai Walda, bayansu Matar Tela da rabin layin masu ɗinki. Tela ya ga tururi na tashi daga kwat, bai tambayi kowa ba, ya juye bokitin duka a kan Injiniya. Usur ya yi wani ɗan kuka na ƙarshe kamar ɗan tsako, ya yi shiru.

Babu abin da ake ji sai ɗigar gahawa daga fanka. Malama ta dubi falonta, ta dubi baƙinta, ta dubi maƙwabtan da suka cika ƙofa suna cizon leɓe. Ta gyara ɗankwalinta, ta tsaya sosai, ta ce, "Mama, 'yan'uwa, ina ba ku haƙuri. Wankin kayanku yana wuyana. Kuma wadda ba ta iya tsare falonta ba, bai kamata ta nemi riƙe ƙungiya ba. Na janye sunana."

"Me ta ce?" in ji Uwar Ƙungiya. Aka maimaita mata a kunne. Ta share gahawa daga gira, ta nuna Injiniya da sandarta. "Shekara nawa kuna tare da wannan?"

"Talatin da takwas, Mama."

"Kullum haka yake?"

 Tela ne ya amsa daga bakin ƙofa, "Ai yau da sauƙi, Mama. Ba ku ga shekarar da ya gyara injin wanki ba."

"Har shagona ya zo da kansa," in ji Mai Walda. "Injin, ba Baba ba."

Dariyar da aka danne ta ɓalle. Malamar Kimiyya ta yi ta yi har ta zauna a hannun kujera tana share hawaye da gefen mayafinta mai ɗigo-ɗigo. Da ta samu numfashi ta ɗaga hannu ta ce, "Shekara talatin da takwas, kuma ko sau ɗaya ba mu ji muryarta ba, kullum ta zo taro tana ce mana gida lafiya? Ni da na yi mako guda da an ji ni a gidan rediyo. Yaya, ki riƙe sunanki, ni ce na janye. Wadda ta iya da wannan, mu goma sha biyu hutu ne a wurinta."

Hannaye suka tashi, duka masu ɗigo. Har Matar Tela ta ɗaga nata, aka ce mata ita ba 'yar ƙungiya ba ce.

Malama ta tsaya ta rasa inda za ta sa fuskarta. Kujerar da ta yi shekara shida tana jira ta samu, amma da abin da ta yi shekara talatin da takwas tana rufewa aka saya mata ita.

Injiniya ya matse gindin kwat ɗinsa, ya yi gyaran murya ya ce, "Ba na son yabo. Amma a rubuta cewa usur ya yi kuka, kuma da shi aka ci zaɓe."

Sakatariya ta ɗaga jiƙaƙƙen littafinta ta ce, "Shugaba, me zan rubuta a bayanin taro? Kin san dokarmu, ba a rubuta ƙarya."

Malama ta ɗan yi tunani. Ɗigo ɗaya ya faɗo daga fanka ya sauka a kan hancin Malamar Kimiyya.

Ta ce, "Rubuta: an gabatar da gahawa a kan lokaci, kuma ta isa ga kowa."